Takardar Likita Tun Kafin Rajista
Jawabin wata mamba a taron cikar shekarar ƙungiya

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwana, barkanmu da ganin wannan rana. An ba ni minti biyar, to zan yi magana ne a kan takarda guda ɗaya da ta kusa jawo wa ɗana asarar karatu.

Ɗana tun yana firamare idonsa ba ya gani sosai. Sai ya kai littafi dab da hanci kafin ya karanta. Ni kuwa na ƙi faɗa wa makaranta, ina gudun kada a riƙa ce masa makaho. Ranar jarrabawar WAEC aka ba shi takarda mai ƙananan haruffa kamar kowa, lokaci ya ƙare bai kai rabi ba. Wallahi laifin nawa ne, ni na rufe bakina.

Shekara ta zagayo, muka kai shi Asibitin Ido na Ƙasa da ke Mando. Likita ya auna, ya rubuta rahoto. Muka miƙa wa makaranta kafin rajista, aka shigar da bayanin a cikin fom. Aka ba shi takarda mai manyan haruffa da ƙarin lokaci, ya ci, Alhamdulillahi.

'Yan uwa, wannan haƙƙi ne da doka ta ba 'ya'yanmu. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma kafa hukumar ƙasa mai ba da takardar shaidar nakasa. WAEC na ƙara wa makafi da kurame rabin lokaci, wato jarrabawar awa 2 ta koma awa 3. JAMB kuma tun 2017 take da kwamiti na musamman mai shirya wa makafi jarrabawa. Sai dai duk wannan ba ya zuwa sai da shaida a rubuce.

To me za mu yi? In matsalar ido ce, ga Mando. In ta kunne ce, ga Asibitin Kunne na Ƙasa nan cikin Kaduna. In ta ƙafa ce ko hannu ko wata lalura, a je Barau Dikko. Ku roƙi likita ya rubuta sunan lalurar, da yadda take shafar karatu, da abin da yaron yake buƙata: ƙarin lokaci ne, rubutun makafi ne, ko mai karanta masa. A sa hannu, a buga hatimi, a sa kwanan wata. Ku duba sunan yaro ya zo daidai da na lambar NIN ɗinsa, domin harafi ɗaya kan iya tsayar da komai. Ku yi kwafi uku, asalin kuma ya zauna a gida. In ya samu gurbi a KASU ko Kaduna Polytechnic, ya kai kwafi asibitin makaranta da ofishin harkokin ɗalibai a makon farko, kada ya jira jarrabawa.

Hajiya Shugaba, ga roƙona. Yadda muke ware kuɗin biki da suna daga asusunmu, mu ware wani abu na kuɗin mota da gwaji ga uwar da ba ta da hali. Mu kuma zaɓi mata biyu masu karatu su riƙa raka ta asibiti da makaranta. Ni ce ta farko da zan ba da sunana yau.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.