DOKA CE KO JI-TA-JI-TA? Maganar Gyaran Mota da Wankinta a Bakin Titi

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ya yi a gaban taron 'yan kasuwa da kanikawa da masu wankin mota. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa.

Shugaban taro, dattawan kasuwa, iyayena mata masu sayar da abinci da na hango can baya, 'yan'uwana talakawa, ina yi muku sallama. Na gode da kuka bar rumfunanku a lokacin ciniki kuka zo.

Abin da ya tara mu yau magana ce da ta cika gari. Tun kwanakin baya ake ta aiko wa mutane wani saƙo ta waya, wai gwamnatocin jihohi sun kafa sabuwar doka. Wai duk wanda motarsa ta mutu a hanya, ya kira bakanike ya taɓa ta a nan, za a kama shi, da shi da bakaniken. Wai wanda aka iske yana wanke mota a ƙofar gidansa za a ci shi tara, in bai biya ba a kira janwe ta ja motar. Na ga saƙon nan a hannun mutum uku, kowanne tararsa daban. Wadda ta zo da safe ba ta kai wadda ta zo da yamma ba, sai ka ce kuɗin kwandon tumatir. Masu faci sun tambaye ni, yaran da ke wankin mota a bakin tasha sun tambaye ni, har wata tsohuwa mai ƙosai ta tare ni, gama ta ce in aka kori kanikawa wa zai sayi ƙosanta? To, yau zan ba ku amsa, da mai daɗin ji da marar daɗi.

Da fari ku sake duban saƙon nan da kyau. Ina sunan dokar? Babu. Wace shekara aka yi ta? Babu. Wane sashe? Wace majalisa ta zauna a kanta? Wace jiha ma ake nufi? Duk babu. Doka kuwa ba ta faɗowa daga sama kamar ƙanƙara. Sai an kai ƙudurinta gaban Majalisar Dokokin Jiha, an karanta, an yi muhawara, an amince, sa'an nan a kai wa Gwamna. Sashe na 100 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, sai kashi biyu bisa uku na wakilai sun sake amincewa kafin ta zama doka. Kowace doka tana da suna da shekara, ana kuma buga ta a Gazet. Abin da ba shi da suna, ba uwa ba uba, kada ya hana ku barci.

Kuma ku riƙe wannan: jihohi 36 ne a ƙasar nan, kowace majalisa jiharta kaɗai take yi wa doka. Dokar Legas iyakarta Legas. Ba ta hawa mota ta biyo ka Kano ko Sakkwato.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya haddace, ko da bai iya karatu ba. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 12, na Tsarin Mulki ya hana a hukunta mutum a kan wani laifi sai in an bayyana laifin nan, an kuma faɗi hukuncinsa, a cikin rubutacciyar doka. Watau dokar Majalisar Tarayya, ko ta Majalisar Jiha, ko ƙa'idar da aka rubuta ƙarƙashin ikon da wata doka ta bayar. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun Tsarin Mulkin 1960 yake, har a 1961 Babbar Kotun Jihar Yamma ta soke hukuncin da wata kotun gargajiya ta yanke wa wata mata, a shari'ar da lauyoyi ke kira Aoko da Fagbemi, don laifin da aka ɗora mata ba a rubuce yake ba.

Kada ku ce wannan zancen lauyoyi ne, ba ya amfanin talaka. Bari in ba ku labarin wata mata a Legas, sunanta Faith Okafor. Wata Asabar ta tsabtace gari a 2013 ta fito, aka kama ta wai ta karya umarnin hana fita da safe. Aka kai ta kotu aka ci ta tarar Naira 2,000. Da ni da ku ne, da mun biya mun kaɗe riga mun ce Allah ya isa. Ita kuwa ta ce ba ta yarda ba. Ta kai ƙara Babbar Kotu, aka kori ƙarar. Ba ta gaji ba, ta wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara. A 2016 alƙalai suka ba ta gaskiya, suka ce umarnin Gwamna ba doka ba ne, ba a kama mutum a hukunta shi don ya saɓa wa umarnin da babu shi a rubutacciyar doka. Ku ji fa! Gwamna ɗungurungum ke nan. To, ina ga sanarwar wani kwamishina a rediyo? Ina kuma ga saƙon waya wanda ba a san wanda ya rubuta shi ba?

Na ga waɗansu sun fara murmushi. Ku dakata, ban gama ba. In na tsaya nan na cuce ku, gama gobe wani zai baje kayan garejinsa a tsakiyar titi ya ce ni na ce babu doka. Ji-ta-ji-tar nan ƙarya ce, amma an gina ta a kan gaskiya, shi ya sa ta yi ƙarfi.

Dokar hana tare hanya tana nan, ta ma girmi yawancinmu. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka yi a 1959 ya fara aiki a 1960, ya sa tare hanyar jama'a cikin laifuffuka, haka kuma ɓata ruwan rijiyar da jama'a ke sha. Jihohi suka gaje shi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, dokarta ta 2007 ta ba ta ikon kama wanda ya tare babbar hanya da mota ko da wani abu, tana kuma kama direban da ba shi da alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku, wadda direbobi ke kira si-koshin. Kano tana da KAROTA tun 2012, Kaduna tana da KASTLEA, Abuja tana da hukumar kula da muhalli da dokarta ta 1997, da kotunan tafi-da-gidanka. Ƙananan hukumomi ma, jadawali na huɗu na Tsarin Mulki ya danƙa musu kasuwanni da tashoshin mota da kantuna da tireda da magudanan ruwa, suna kuma iya yin nasu dokoki a kansu.

Masu zuwa fatauci Legas, ko masu 'yan'uwa a Agege da Mile 12, ku buɗe kunne. Can abin ya fi tsanani. Suna da dokar hana ciniki a kan titi ta 2003, wadda ta haɗa mai saye da mai sayarwa. A 2016 gwamnatin jihar ta yi shelar za ta zartar da ita da tarar Naira 90,000 ko ɗaurin wata shida. Suna kuma da dokar muhalli ta 2017 da dokar sufuri ta 2018. Waɗannan suna da suna, suna da shekara, ana iya buɗe su a karanta. Kun ga bambancinsu da saƙon waya.

To, ina gaskiya ta tsaya? Abin da dokokin nan ke bi shi ne tare hanya da ɓata wuri. Mutumin da tayarsa ta yi faci ya sauka gefe, ya kafa jak, ya sa safaya ya tafi, wa ya tare? Wanda batirinsa ya mutu, ko lagireto ya tafasa, ya tura motar ta bar kwalta, ya ajiye alamarsa a baya, ya kira bakanike ya tashe ta, wannan lalura ce, ba wanda ke shiryawa da mota ranar da za ta mutu. Amma wanda ya bar babbar mota a tsakiyar hanya kwana uku, ba fitila, ba alama, sai ganye da duwatsu, ya tafi neman kayan gyara, wannan kam ya haƙa wa bayin Allah rami. Ranar da ya gyara ya tashi, duwatsun ma ba ya kwashewa, mai babur ya zo da dare ya hau su. Wannan ko babu doka ai ya san bai kyauta ba.

Haka nan wanda ya mai da gefen titi garejinsa na dindindin, ya sauke inji a inda masu ƙafa ke bi, ya jera matattun motoci shekara da shekaru har kaji suna ƙwai a ciki. Ranar da hukuma ta zo masa da takarda, ba ji-ta-ji-ta ce ta zo ba.

Batun wanki ma haka yake. Bokiti ɗaya da tsumma a ƙofar gida daban, sana'ar da ke malalo da ruwa kan kwalta tun safe har dare daban. 'Yan'uwana masu wankin mota, ku yi mini haƙuri in faɗa muku abin da injiniyoyi suka sani. Babban abokin gaban kwalta ruwa ne mai kwanciya. Yana bin tsaga ya shiga ƙarƙashi, ya jiƙa ƙasar da aka daɓe, mota mai nauyi ta taka, sai rami. Man gas da fetur kuwa narkar da kwalta suke yi. Ku kuma kanikawa, baƙin man da kuke juyewa a lambatu ba ya ɓacewa. Yana nitsewa ƙasa, ko ya bi ruwa ya tafi rafin da masu lambu ke ban ruwa da shi, mu dawo mu sayi latas ɗin a kasuwar nan mu kai wa 'ya'yanmu. Ga tsofaffin robobi da tsummoki da ke toshe kwalbati, damina ta zo ruwa ya shiga rumfar maƙwabci. Ku tara baƙin man a durom, ai akwai masu saye.

Yanzu in zo kan wanda ji-ta-ji-tar nan ta yi wa rana. Akwai wani mai faci a unguwarmu, shekarunsa sun fi ashirin a gindin wata bishiya, nesa da kwalta. Ran nan sai ga waɗansu samari da riguna masu ƙyalli, ba su faɗi wanda ya aiko su ba, suka ce ai sabuwar doka ta hana, suka ɗora injin iskarsa a a-daidaita-sahu. Shi kuwa ya riga ya ji saƙon, gabansa ya riga ya faɗi, bai ko tambaya ba. Ya bi su yana roƙo, ya ranto kuɗi ya ba su a bayan wani kango, ba rasit, ba takarda, suka sauke masa injinsa. Bayan mako biyu waɗansu suka sake zuwa. Kun ga aikin ji-ta-ji-ta ke nan: ita ke shiga gaba ta kashe wa talaka jiki, mai ƙwace ya biyo baya ya tarar an gama masa rabin aiki. Duk wanda ya tura saƙon nan gaba bai bincika ba, ya taya su, ko bai sani ba.

Saboda haka in wani ya zo muku da zancen doka, kada ku zage shi, kada ku ɗaga masa hannu, gama taɓa ma'aikaci laifi ne na gaske, nan take za ku ba shi abin da ya rasa. Ku tambaye shi cikin ladabi: Malam, daga wace hukuma? Ina katin shaidarka? Mene ne sunan dokar, wane sashe na karya? In tara ce, ina takardar, a wane asusu zan biya, wace kotu za mu? In kayan aiki za a ɗauka, a rubuta abin da aka ɗauka a sa hannu. Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, amsarsu na aljihunsa. Na ƙarya kuwa tun a ta biyu za ku ga ya fara duban hanya. Kuma ba kowane mai kaki ke da ikon cin tara ba. A watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa babu dokar da ta ba jami'an duba motoci na birnin, watau VIO, ikon tsare motoci ko ƙwace su ko yanka wa direbobi tara.

Ga masu mulki kuma muna da magana. In kuna son kanikawa su bar bakin titi, ina kuka tanadar musu? Bakanike ba don sha'awar ƙura da rana yake zaune a nan ba, don nan mota ke mutuwa ne, don kuma kuɗin hayar fili ya fi ƙarfinsa. A Abuja an san Apo da kanikawa, a Kaduna an san Panteka. A ware fili a kowace shiyya, mai ruwa da hanya, a kan kuɗin da talaka zai iya, a ba da wa'adi a rubuce, a fassara dokar da Hausa a manna a bakin kasuwa da tasha. A kori mutum ba a nuna masa wurin zuwa ba, an ƙara yawan masu zaman banza ne kawai, da shi da yaransa goma da ke koyon aiki.

Shawarar da na kawo ita ce kada kowa ya tafi shi kaɗai. Akwai dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya. Shugabannin kanikawa da na masu faci da na masu wanki su haɗu su rubuta takarda ɗaya zuwa ga Akawun Majalisar Dokoki da Ma'aikatar Shari'a da sakataren ƙaramar hukuma, a nemi kwafin duk wata doka da ta shafi gyaran mota da wankinta a bakin hanya. A riƙe kwafin takardar da hatimin karɓa. Abin da suka aiko, za mu karanta shi a nan wurin, sashe sashe, da Hausa.

Waɗanda kuma aka taɓa karɓar musu kuɗi ko kayan aiki ba rasit, kada ku watse. Ga magatakarda can gindin rumfa da littafi, ku faɗa masa rana da wuri da abin da aka karɓa. Shugaba, na gama, sai masu tambaya.