Amanar Labari a Zamanin Wayar Hannu

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nufe mu da ganin wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu saurarenmu a Dogon Dutsi da Matankari, da Ɗankasari da Kiyeshe, da Tibiri da Gesheme da Kore Mairuwa, maganarmu ta yau a kan labari take: yadda yake zuwa mana, da yadda muke isar da shi, da abin da yake yi wa zamanmu na jama'a.

Mu fara da waiwaye. A shekarar 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa. A watan Afrilu ta faɗa wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, sannan ta wuce Birnin Ƙonni. Wasiƙar wani hafsa da aka kora daga rundunar ita ta kai labarin ta'asarsu Faris, amma Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su bai cim musu ba sai ranar 14 ga Yuli, kusa da Tasawa, suka kuma harbe shi. Watannin da labari ya yi a hanya, rayukan talakawa ne suka biya su. Wannan ita ce illar jinkirin labari, kuma kakanninmu sun ɗanɗana ta.

Sai zamanin rediyo ya zo. BBC ta fara magana da Hausa a 1957, aka buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel. Da aka yi Babban Taron Ƙasa a Yamai a 1991, manomi a cikin Dallol Mawri yana riƙe da akwatinsa yana jin ana tuhumar manya a bainar jama'a. Daga nan aka sami gidajen rediyo masu zaman kansu, da na karkara, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, talaka ya soma tambayar magajin gari ina aka kai kuɗin haraji. Sai dai rediyo yana da mai shi da aka sani, da ɗan jarida mai suna, da hukumar da za ta kira su idan sun yi ƙarya.

Yau lamarin ya sauya. Wayar da ke aljihun kowannenmu gidan rediyo ce. Saƙon murya na WhatsApp bai bukatar karatu ko rubutu, tsoho da yaro duk suna iya ɗauka su tura. Alherin wannan a fili yake: ɗanmu da ke ci-rani a Legas ko Kwatano yana jin muryar mahaifiyarsa kafin a sha ruwa, mai hatsi yana sanin farashi kafin ya ɗaura wa jaki kaya, wanda aka zalunta yana da inda zai kai kuka. To, amma aikin sanƙira, wanda a da sai mai gari ya ba shi izini kafin ya yi shela, yanzu ya faɗo hannun kowa, ba tare da an koya mana ladubbansa ba.

Me ya haɗa wannan da mulkin jama'a? Abin da ake kira dimokuraɗiyya ya ginu ne a kan shawara, shawara kuwa ba ta fi labarin da aka gina ta a kansa ba. Mutumin da aka cika wa kunne da ƙarya, ko ya jefa ƙuri'a da hannunsa, zaɓin wani ne ya yi. Haɗarin kuma ta fuska biyu yake zuwa. Ta farko, a toshe labari daga sama. Mun gani bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairu na 2021, an katse intanet na wayoyi kimanin kwana 10. A watan Agusta na 2023 an dakatar da RFI, a Disamba na 2024 aka dakatar da BBC na wata 3. Masu mulki suna da hujjojinsu, masu suka suna da nasu. Abin da kowa ya shaida shi ne, duk lokacin da aka rufe ƙofar da aka sani, jita-jita ce take shigowa ta taga.

Fuska ta biyu ita ce tamu, kuma a kanta za a tambaye mu: a gurɓata labari daga ƙasa. Ku tuna watannin da suka biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyaka da Nijeriya. Mu da 'yan'uwanmu na Kangiwa da Argungu jini ɗaya ne, auratayya ɗaya, amma saƙonnin yaƙi suka yi ta yawo a wayoyi, mai magana ba suna, hoto ba kwanan wata. A Indiya, a 2018, jita-jitar satar yara da aka yaɗa ta WhatsApp ta sa an kashe baƙi da ba su ji ba ba su gani ba, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda. A Ruwanda, a 1994, wani gidan rediyo ya taimaka wajen tunzura maƙwabci ya kashe maƙwabcinsa. Mu da muke zaune manomi da makiyayi a kan rijiya ɗaya, saƙo guda na ƙarya a lokacin kaka ya isa ya ƙone ruga ko ƙauye.

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa an aiki wani mutum karɓar zakka wurin Banu Musɗaliƙ. Da suka fito tarbarsa sai tsoro ya kama shi, ya koma ya ce sun hana. Saura kaɗan a ɗaura musu yaƙi, sai bincike ya nuna ba haka ba ne. A kan wannan aka saukar da umarnin tabbatar da labari a cikin Suratul Hujurati. Haka nan ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda: Suratun Nur ba ta tsaya ga wanda ya ƙirƙira ba, ta zargi waɗanda suka karɓa suka yaɗa ba da sani ba. Yatsan da ya danna tura, hukuncinsa hukuncin harshe ne.

Saboda haka, kafin mu tura saƙo, mu tambayi kanmu abu huɗu. Wa ya faɗa, yana da suna? Yaushe ne, a ina, ko tsohon hoto ne na wata ƙasa? Akwai wanda ya gani da idonsa da za mu iya kira, limami ko mai gari ko ɗan'uwa na can? Idan ma gaskiya ne, yaɗa shi gyara zai kawo ko fitina? Saƙon da yake rantsar da mu mu tura shi cikin gaggawa, shi ya fi cancanta a tsare. Wanda kuma ya riga ya tura ƙarya, ya koma inda ya tura ya warware, don magana zarar bunu ce.

Masu iko kuma muna yi musu nasiha: maganin jita-jita shi ne bayani na gaskiya a kan lokaci, da barin ɗan jarida mai amana ya yi aikinsa.

Muna kame baki daga ci da sha tun daga alfijir har faɗuwar rana. Mu haɗa da kame yatsu daga naman 'yan'uwanmu. Allah Ya karɓi azuminmu, Ya tsare harsunanmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Arewa da Nijar baki ɗaya lafiya. Amin.