Kafin a Ɗora wa Kwamfuta Laifi

A shagunan buga takardu na Tudun Jukun, da zarar kwamfuta ta ƙi tashi sai a ce ta lalace. Sau da yawa kuwa matsalar tana ƙarƙashin tebur, cikin ekstenshan mai makunni. Fis ɗin fulogi mai ƙafa uku bai wuce amfiya 13 ba, wayar ekstenshan mai araha kuma sau da yawa ba ta ɗaukar ko hakan. Idan aka jona kwamfuta da firinta da injin fotokwafi wuri ɗaya, ƙarafan ciki sukan yi zafi su saki, wuta ta riƙa yankewa. Baƙin tabo a bakin rami da ƙaurin roba su ne shaida. A zare fulogin kwamfutar a sa shi a soket ɗin bango. In ta tashi, an gano mai laifi.

Wani zai ce ai jar fitilar makunnin tana ci. Fitilar tana nuna wuta ta shigo ne kawai, ba ta tabbatar da lafiyar ramukan. Wani zai ce ekstenshan mai inganci akwai tsada. Gaskiya ne, amma kuɗinsa bai kai asarar gobara ba. A sauya lalataccen ekstenshan tun yau.