Amsoshin Tambayoyinku: Akwatin Gem Ko Kwamfuta, Wanne Za a Saya?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi, kuma mai sayar da hatsi a kasuwar ƙauye. Ya ce ɗansa ya matsa masa ya sayar da buhunan masara ya buɗe masa gidan gem, inda yara ke biya su buga ƙwallo a akwatin talabijin. Amma kuma ya ji ana cewa akwatin gem da kwamfuta sun kusa zama abu guda. Shi ne yake tambaya, shin gaskiya ne, kuma ya saya yanzu ko ya dakata?

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Bari mu fara da bambancinsu. Akwatin gem, irin su PlayStation na kamfanin Sony da ya fara fitowa a Japan a 1994, ko Xbox na kamfanin Microsoft da ya fito a 2001, aikinsa guda ne, wato wasa. Ka jona da talabijin, ka sa faifai, shi ke nan. Ita kuwa kwamfuta, ban da wasa, tana buga takardu, tana lissafin kaya, ana kuma iya sauya mata kayan ciki in sun tsufa. Sai dai tana son mai kula da ita.

Maganar da ka ji tana da tushe. Tun daga 2013, da aka fito da PlayStation 4 da Xbox One, ƙwaƙwalwar da ke cikinsu irin ta kwamfuta ce, ta kamfanin AMD na Amurka. Haka ma PlayStation 5 da ya fito a 2020. Wato dai ciki kwamfuta, waje akwati. Sannan a 2022 kamfanin Valve ya fito da Steam Deck, kwamfuta ce sosai amma ana riƙe ta a hannu kamar ƙaramar rediyo, ana kuma iya jona ta da talabijin. A 2025 kuma Microsoft da kamfanin Asus suka haɗa kai suka fito da irinta, mai suna ROG Xbox Ally.

Amma fa ba kowane gwaji ne ya yi nasara ba. A 2015 an kawo kasuwa da akwatunan da ake kira Steam Machine, ruwa biyu ke nan, suka kasa samun masu saye, har aka daina jin ɗuriyarsu. Sai a watan Nuwamba na 2025 Valve ya sake sanar da sabon samfuri da wannan suna.

To ina aka dosa? Sanin gaibu sai Allah, amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A ganinmu abu biyu na tafe. Na ɗaya, katangar da ke tsakanin akwati da kwamfuta za ta ci gaba da rushewa, gem ɗin da ka saya sau ɗaya ka buga shi a na'ura fiye da ɗaya. Na biyu, wanda ya fi shafar mutanen karkara, faifai zai yi ta ja da baya. Tuni akwai PlayStation 5 da ba shi da wurin sa faifai ko kaɗan, sai dai a sauko da gem ta intanet, kuma babban gem guda yana iya haura gigabait 50. Ka lissafa kuɗin data, ka kuma duba ƙarfin sabis a garinku.

Saboda haka, Alhaji, shawararmu ita ce kada ka yi cinikin biri a sama. Yaran da za su zo shagon ƙwallo suke nema, ba sabon yayi ba. Akwati na hannu mai wurin sa faifai, irin PlayStation 4, zai wadatar da su, kuma masu gyaransa ba su da wuyar samu a birni. Ka tafi da wanda ya san kan abin, a kunna a gabanka, a gwada hannayen wasan duka, don su ne ke saurin lalacewa. Ka yi lissafin wuta tun da wuri: PlayStation 5 yana jan wajen wat 200 in ana wasa, ban da talabijin da fanka, kuma janareta ba ya shan ruwan rijiya. In kuwa ɗan naka zai haɗa da buga takardu da cike fom ɗin makaranta, to kwamfuta ta fi, don ko ba 'yan wasa za ta kawo ciniki.

Abu na ƙarshe, kada a taɓa hatsin da iyali za su ci har kaka, kada kuma a buɗe wa yara shago lokacin makaranta ko lokacin salla. A fara da akwati ɗaya, in ya biya kuɗinsa a ƙara.