MAKILIN: INA GUBAR TAKE?

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, ma'aikacin haɗa magunguna, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a Tofa



Mai girma Shugaban taro, Shugaban makaranta, iyayenmu malamai waɗanda suka yi ritaya da waɗanda ke bakin aiki, Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu da ke zaune can baya.

Da Sakatare ya ce in zo in yi magana a kan man goge baki, wato makilin, sai da na yi dariya, domin a zamaninmu a wannan makaranta makilin kayan 'yan birni ne. Mu 'yan Lambu da Doka da Langel, da asuba sai dai mutum ya zaga bayan aji ya karyo reshen darbejiya. In yaro ya dawo hutu da Macleans guda ɗaya, to ya yi abokai har ranar da zai ƙare. Daga sunan nan ne ma muka samu kalmar makilin. Malaman da ke duba mana haƙori da farce a wurin taron safe ga wasunsu nan zaune, Allah ya saka musu da alheri, ko da yake a lokacin ba haka muke cewa ba.

Dalilin da ya sa aka zaɓi wannan batu shi ne saƙonnin da ke yawo a waya, masu cewa makilin guba ne. Wasu abokanmu har sun zubar da na gidajensu. Ni abin da zan ce shi ne, akwai abin tsoro a cikin maganar, amma ba a inda masu saƙon suke nunawa yake ba.

Bari mu fara kawar da wadda ta fi yawo. Wai ɗan zanen nan mai launi da ke gindin kwalin roba yana nuna abin da ke ciki, kore na ganye ne, baƙi kuwa sinadari zalla. Wannan ba gaskiya ba ne. Alama ce da aka yi wa injin masana'anta domin ya gane inda zai yanke robar ya liƙe. Ba ruwanta da abin da aka zuba a ciki.

To mene ne a cikin? Akwai gari mai laushi, irin alli ko silika, wanda ke kankare dattin haƙori. Akwai giliserin ko makamancinsa, ruwa mai kauri da zaƙi-zaƙi, wanda ke hana man bushewa. Akwai sinadarin kumfa, ɗan'uwan sabulu. Wasu mutane ƙalilan yana fito musu da ƙuraje a baki, in kana cikinsu sai ka canja wani. Akwai ƙamshin na'a-na'a. Sannan akwai fuloraid. A da wasu kamfanoni suna sa wani maganin ƙwayoyin cuta mai suna tirikulosan. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi a sabulun wanke hannu a 2016, kamfanin Colgate kuma ya cire shi daga makilinsa a 2019. Ke nan shakkar da aka yi a kan wannan ta yi amfani. Amma biyu ne zan daɗe a kansu, giliserin da fuloraid, domin a nan ne aka yi asarar rayuka da lafiya.

Giliserin shi kansa ba ya cutarwa. Matsalar ita ce yana da wani mai kama da shi, sunansa dayetilin gilaikol. Shi ma ba shi da launi, yana da kauri, yana da zaƙi, ga shi kuma ya fi araha. Amfaninsa na asali a masana'antu ne, irin su man birki da ruwan da ke hana injin mota daskarewa a ƙasashe masu sanyi. In ya shiga cikin mutum, hanta takan juya shi ya zama wani abu mai lalata ƙoda. Yaro ya fara amai da gudawa, bayan kwana biyu ko uku fitsari ya ɗauke, daga nan sai abin da Allah ya yi. Ɗan kasuwa marar tsoron Allah sai ya sayi ganga ta wannan, ya canja mata takarda, ya sayar a matsayin ta kirki.

A 2006 gwamnatin ƙasar Panama ta haɗa maganin tari da irin wannan ganga ba tare da sani ba, mutane fiye da 100 suka rasu. A watan Mayu na 2007, wani ƙaramin ma'aikacin gwamnati a can, Eduardo Arias, ya shiga kanti ya ga makilin mai araha, ya tsaya ya karanta bayan kwalin, sai ya ga sunan gubar nan a rubuce ɓaro-ɓaro. Ba likita ba ne, karatu kawai ya yi. Ya saya ya kai wa hukumar lafiya. Daga nan magana ta bazu duniya, aka gano irin wannan makilin, wanda aka yi a ƙasar Sin, a ƙasashe da dama. A watan Yuni Amurka ta ce wa mutanenta su zubar da duk makilin da aka yi a Sin. A wannan wata kuma aka kama Colgate na jabu a ƙananan kantunan Amurka, an rubuta wai a Afirka ta Kudu aka yi shi, kuma abin da ya tona asirinsa har da kuskuren rubutu a jikin kwalin. A watan Yuli ƙasar Sin ta haramta sa sinadarin a makilin. A nan gida ma hukumar NAFDAC, lokacin marigayiya Farfesa Dora Akunyili tana shugabancinta, ta gargaɗi jama'a game da makilin da ake shigo da shi daga waje.

Don a yi adalci, hukumar Amurka ta ce ba ta samu rahoton wanda makilin ya yi wa lahani a can ba, domin babba tofarwa yake yi. Amma ku da kuke da ƙananan yara kun san yaro ɗan shekara uku ba tofarwa yake yi ba, lashewa yake yi kamar alewa.

Kada wani ya ce ai wannan labarin Panama ne. Wannan guba ta san hanyar gidanmu. A 1990 ta kashe yara fiye da 100 a Jos da Ibadan ta cikin maganin zazzaɓi na ruwa. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 ta dawo ta cikin My Pikin, maganin da iyaye mata ke ba jarirai lokacin fitar haƙori, yara 84 suka rasu, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin wuraren da aka kai su. Sai a 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara 7 kowanne. A 2022 kuma yara kimanin 70 suka rasu a Gambiya ta dalilin maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya. Ku duba fa, a duk waɗannan ba sinadarin da aka yarda a sa ne ya yi kisa ba. Wanda aka sa a maimakonsa ne, don neman riba.

Saboda haka abin da zan roƙi masu kanti a cikinmu, kuma na san muna da su da yawa masu zuwa sari kasuwar Singa da Sabon Gari, shi ne su riƙa duba lambar NAFDAC, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar lalacewa. Ni da kaina na taɓa tsayawa wurin wani mai tebur a bakin tasha, na ɗauki kwali mai kyan gaske, farashinsa rabin wanda na sani, babu lamba, babu adireshi, rubutun ma rabi ba na iya karantawa. Na tambaye shi daga ina, ya ce shi ma haka aka ba shi. Ban ga laifinsa sosai ba, amma ban saya ba. Lambar ma ana iya ƙirƙira ta, gaskiya ne, shi ya sa araha fiye da kima ita ce alama ta farko. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Yanzu sai fuloraid, wanda shi ne masu saƙon suka fi zagi. Tarihinsa abin mamaki ne, domin ta hanyar cutarwarsa aka gano amfaninsa. A 1901 wani likitan haƙori, Frederick McKay, ya je garin Colorado Springs a Amurka ya tarar haƙoran mutanen garin sun yi tabo ruwan ƙasa, amma kuma ba su cika ruɓewa ba. Sai a 1931 aka gano fuloraid ne ya yi yawa a ruwan shansu. Daga nan aka yi ta bincike har aka gane cewa kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa fatar haƙori ba tare da tabo ba. Garin Grand Rapids ne ya fara zuba shi a ruwan famfo a 1945, daga baya aka sa shi a makilin. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa makilin mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna.

Yadda yake aiki kuwa shi ne, abin da muke kira tsutsar haƙori ba tsutsa ba ce, komai abin da mai magani a kasuwa zai ciro ya nuna muku. Ƙwayoyin cuta ne a baki suke cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da haƙori har ya yi kogo. Fuloraid yana taimakon haƙori ya mayar da abin da ya rasa, ya kuma jure wa tsamin. Kakanninmu sun tsufa da haƙoransu a kan asuwaki kaɗai, haka ne. Amma su fura da tuwo suke ci. Ba su san lemon kwalba da biskit da shayi mai cokali huɗu na sukari ba. Jikokinsu kuwa da alewa a baki suke tafiya makaranta.

Amma yawan fuloraid cuta ne, kuma ba sai mun je Amurka ba. A garin Tibiri, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, an haƙa rijiyar burtsatse a tsakiyar shekarun 1980, jama'a suka yi murna sun samu ruwa mai tsabta. Shekaru suka wuce, aka fara ganin yara haƙoransu sun yi ja, ƙafafu sun lanƙwashe, wasu ba sa iya tafiya. Ɗaruruwan yara suka nakasa. Da aka auna ruwan, fuloraid ɗin da ke ciki ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato miligiram 1.5 a kowace lita, har sau uku ko fiye. Daga dutsen ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. A 2002 wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta duniya mai hedkwata a Paris ta fitar da rahoto a kan yaran. A nan Nijeriya ma an san Langtang ta Filato da Kaltungo ta Gombe da tabon haƙori saboda ruwa.

Bari mu yi ɗan lissafi, malaman lissafi su gyara mini in na yi kuskure kamar yadda suka saba. Makilin na manya yakan ƙunshi fuloraid kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan, za ku ga an rubuta a bayan kwali. Ɗan abin da ya kamata a shafa wa yaro, kamar ƙwayar wake, bai wuce rubu'in giram ba, fuloraid ɗin cikinsa bai kai rabin miligiram ba. Yaron Tibiri kuwa a lita guda ta ruwa yana shan fiye da ninki goma na wannan, kullum, shekara da shekaru. Ke nan makilin ba zai lanƙwasa ƙashin yaro ba. Abin da zai iya yi, in yaro yana haɗiye da yawa kullum kafin ya kai shekara 8, lokacin da haƙoran girma ke haɗuwa a cikin dasashi, shi ne ya bar musu farin tabo.

Maganin wannan a hannun iyaye yake. Yaron da bai kai shekara 3 ba, a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. Babba ne zai matsa masa, ya tsaya a kansa, ya koya masa tofarwa, a kuma ajiye kwalin inda hannunsa ba zai kai ba. Cika buroshi daga baki zuwa baki da kuke gani a talabijin, wannan dabarar ciniki ce, su so suke ya ƙare ka sayi wani. Sau biyu a rana, kuma na dare kafin barci ya fi na safe muhimmanci, ga shi shi ne muka fi bari. In an tofar kada a kuskure baki da ruwa da yawa, a bar ɗan abin da ya rage ya yi aikinsa.

Asuwaki kuwa babu wanda ya ce a bari. Sunna ne, kuma yana kankare datti sosai in an iya amfani da shi. Ni ma yana aljihuna yanzu haka. Abin da ba shi da shi ne isasshen fuloraid, don haka a haɗa biyun. Wanda nake jan kunne a kansa shi ne gawayi da toka, da garin nan na farar da haƙori da ake talla a mota da lasifika. Suna kankare fatar haƙori, ita kuwa in ta tafi ba ta dawowa. Sannan don Allah a gaya wa iyalanmu, makilin ba maganin ƙuna ba ne. In ruwan zafi ya zubo wa yaro, a sa wurin cikin ruwa mai sanyi kamar minti 20, a kai shi asibiti.

Mai girma Shugaban taro, ina da shawara guda ga ƙungiya. Fuloraid a ruwa ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, tafasawa kuma ba ta fitar da shi. Rijiyoyi biyu a gari ɗaya ma suna iya bambanta, gwargwadon dutsen da aka huda. Kullum kuma ana ƙara haƙa burtsatse a ƙauyukanmu, 'yan siyasa su haƙa, masu neman lada su haƙa. Awo ne kaɗai ke nuna abin da ke ciki. Jami'ar Bayero ga ta nan kusa da Janguza a kan hanyar Gwarzo, suna da ɗakunan gwaji. Ina ba da shawara a ware wani abu daga kuɗin da muka tara yau, a ɗebi ruwan rijiyar makaranta da na wasu unguwannin da ɗalibanmu suka fi fitowa, a kai a auna, a karanta sakamakon a taro mai zuwa in Allah ya kai mu. Ni na ɗauki nauyin kwalabe da kai su. Ma'aji ya san inda zai same ni.