Da Wace Tiya Ake Auna Ƙungiya? Darasi Daga Tarihin USTN



Ɗan kasuwa ba ya sanin riba ko faɗuwa ta yawan masu tsayawa bakin shagonsa, sai ya zauna ya gwada abin da ya zuba da abin da ya dawo. Haka ma ƙungiyar ma'aikata ko ta masu sana'a: ba a auna ta da cikar fili ranar 1 ga Mayu, ko da zafin jawabin magatakarda. Tiyar da ake auna ta da ita, ita ce alkawarin da ta ɗaukar wa mambobinta. Ba a rasa misali a nan Yamai, domin tarihin uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta USTN ya isa darasi.

A shekarar 1990, bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu, USTN ta tsaya kan buƙatu iri biyu. Na farko na siyasa ne: a buɗe ƙofar jam'iyyu barkatai, a kuma kira babban taron ƙasa. Na biyu na tukunya ne: a yi watsi da tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da FMI, a kare aikin ma'aikaci da albashinsa.

In aka ɗora buƙatun siyasa a kan tiya, ta cika har ta yi tozo. Yajin aikin gama-gari na watan Nuwamba 1990 ya sa Janar Ali Shaibu ya amince da jam'iyyu barkatai a cikin wannan watan. Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin jagorancin Andre Salifu, aka yi ƙuri'ar tsarin mulki a Disamba 1992, aka zaɓi Mahamman Usman a 1993. Wanda ya hana USTN wannan yabo ya zalunci tarihi.

Amma in aka ɗora buƙatun tukunya, sai a ga gindin tiya. Albashi ya riƙa makara wata da watanni, bashinsa ya taru a kan gwamnati. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, wato daga dala goma zuwa dala ashirin, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada. Ƴan kasuwar Wadata da Katako sun ɗanɗana nasu rabon, tunda ma'aikacin da ba a biya ba, ba ya biyan bashin shinkafar da ya ɗauka. Tsarin da aka ƙi a taron ƙasa kuwa ya dawo a 1996, lokacin da gwamnatin Ibrahim Bare Mainasara ta ƙulla yarjejeniya da FMI. Haɗin kai ma bai tsira ba: aka kafa CNT a 1996, sannan a 2001 wasu sandikoki suka ɓalle daga USTN suka kafa CDTN.

Adalci ne a faɗi cewa faɗuwar farashin uraniyum da karya darajar sefa ba a hannun wata sandika suke ba. A nan ne ma darasin yake. Ƙungiyar da ba ta rarrabe abin da take iya yi da kanta da abin da sai dai ta roƙa ba, za ta karɓi yabon ruwan da ba ita ta saukar ba, ta kuma ɗauki laifin farin da ba ita ta jawo ba.

Saboda haka, kowace ƙungiya, ta malaman makaranta ce ko ta ƴan kasuwa ko ta direbobi, ya kamata ta fito daga babban taronta da manufofi kaɗan a rubuce, kowace da wa'adinta da alamar cikarta. “Kyautata rayuwar mambobi” addu'a ce, ba manufa ba. Manufa ita ce a ce za a biya bashin albashi na wata kaza kafin ƙarshen shekara, ko a rage kwanakin da kaya ke yi a duwan daga kaza zuwa kaza. In taro ya zagayo, kafin a shiga rabon muƙamai, a karanta tsohuwar takarda layi-layi a bainar jama'a: me aka cika, me aka kasa, nawa aka tara na kuɗin kati, ina kuma suka shiga?

Mamban da ke biyan kuɗin kati mai hannun jari ne, yana da hakkin ganin lissafi. Shugaban da ya riƙe amana ba ya jin tsoron tiya, domin mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Allah ya sa a gyara. Wassalamu alaikum.