Dangin gwaza masu ƙawata gida

 

Hirarmu ta yau kan tsirran da ake sa wa cikin tukunya ce, don ƙawata gida. Kuna ganinsu wurin masu saida dashe a bakin hanya, a Yamai da sauran manyan garuruwa. Da yawa cikinsu dangin gwaza ne, wadda waɗansu ke ce ma mankani. Kainuwa ma, dashen Allah, da ke yawo bisa tabki, ƴar wannan dangi ce.

Ga huɗu daga cikinsu. Ku ɗauko alƙalami ku rubuta sunayensu.

Na 1, potos. Yana yaɗo kamar wake. Ganyensa kore ne da ɗigon rawaya. Asalinsa tsibirin Moreya ne, cikin tekun Pasifik. Ya hi sauran sauƙin dashe.

Na 2, dihenbakiya. Tana da kara mai kauri, da babban ganye mai zanen hwari. Daga ƙasashen Amurka masu zahi da ruwan sama anka kawo ta.

Na 3, kaladiyom. Ganyensa kamar na gwaza, amma da ja, da hwari, da kore. Asalinsa Amurka ta Kudu. In rani ya yi, ganyen kan bushe. Kada ku zubar da tukunyar. Kansa na nan cikin ƙasa yana kwana. Ku daina ba shi ruwa. In damana ta kusa, ku koma ba shi, zai tsiro.

Na 4, zamiyokulkas. Shi ɗan Afirka ta Gabas ne, wajen Kenya da Tanzaniya. Yana ajiye ruwa cikin saiwarsa mai kama da dankali. Wanda ruwa ke yi ma wuya, wannan ne nasa.

To, yaya ake kula da su?

Abu na hwarko, inuwa. Galibinsu ƴan kurmi ne, sun saba zama ƙarƙashin manyan itatuwa. Mu kuwa, da bazara zahi kan wuce digiri 40. Ranar tsaka tana ƙona ganyensu. Ku aje su ƙarƙashin rumhwa, ko gindin bedi, ko cikin ɗaki kusa da taga. Suna son haske, ba su son rana ta doke su.

Abu na biyu, ƙasa. Ku auna ƙasa kwano 2, rairai kwano 1, tsohon taki wanda ya ruɓe sarai kwano 1. Ku gauraya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Tukunyar yumɓu, irin wadda ake ginawa a Mirriya, ta hi gwangwani, don ba ta ɗaukar zahi kamar ƙarhe. Kowace ce, ku huda gindinta, ruwa ya samu hanyar hita.

Abu na uku, ban ruwa. Kahin ku zuba, ku sa yatsa cikin ƙasa. In da laima, ku bari sai gobe. In ta bushe, ku zuba da sahe ko da marece. Yawan ruwa yana ruɓar da saiwa, sai ku ga ganye ya koma rawaya. Lokacin hunturu kuma, ku riƙa goge ƙura daga ganye da jiƙaƙƙen tsumma.

Wanda ba shi da kuɗin saye, ya roƙi reshen potos wurin maƙwabci. A yanko kamar santimita 15, a ƙasan gaɓa. A sa gaɓar cikin kwalbar ruwa. Cikin mako 2 ko 3 saiwa za ta hito, sannan a dasa. Amma a sake ruwan sau 2 a mako, don sauro yana ƙwai cikin ruwan da ya daɗe a aje.

Yanzu ku kasa kunne da kyau, ga babbar magana.

Kun san ɗanyar gwaza tana ƙaiƙayin baki. Dalili, cikin jikinta akwai ƴan ƙananan allurai masu tsini, waɗanda ido ba ya gani. Tsirran nan huɗu duk suna da su. Gwaza in anka dahwa ta sosai, ana ci. Waɗannan kuwa ba abinci ba ne. Ba a sa su a miya, ba a ba awaki.

Dihenbakiya ce ta hi haɗari. In yaro ya tauna ta, bakinsa zai yi raɗaɗi, yawu ya yi ta zuba, harshe ya kumbura. Wani lokaci ya kasa magana. Shi ya sa Turawa sunka yi mata laƙabi da karan bebe.

In haka ta hwaru, uwa kada ki ruɗe. Ki cire sauran ganyen daga bakinsa. Ki wanke bakin da ruwa mai sanyi. In yana iya haɗiya, ki ba shi ruwa ko madara kaɗan. Kada ki sa shi amai. In harshe ya kumbura, ko numhwashi ya yi wuya, ki kai shi gidan likita nan da nan, ki tahi da ganyen a gani. In ruwan tsiron ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta har minti 15.

Rigakahi ya hi magani. Ku rataye tukunyar, ko ku ɗora ta inda hannun yaro bai kai ba. In kunka yanka reshe, ku wanke hannu da sabuni. Gidan da ke da yara masu rarrahe, a haƙura da dihenbakiya sai sun girma.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya rubuta sunayen nan huɗu cikin littahinsa. Ƙarƙashinsu ya rubuta: inuwa, ruwa kaɗan, nesa da yara. Sannan ya karanta ma mutanen gidansa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lahiya.